Tarihinmu a Cikin Garka

Makon jiya na leƙa wani gida a unguwarmu da ake gyarawa, gidan da na yi wasan ƙasa a cikinsa ina yaro. Na tarar an sare gwandar da ke bakin rijiya, an tumɓuke shuwakar da ta yi wa ƙuryar gidan shinge, magina suna ta ja da igiya suna auna inda za a fitar da ɗakuna uku na haya. Ban ga laifin mai gidan ba. Iyalinsa da yawa, kuma kowa ya san yadda kuɗin makaranta da na asibiti suka koma. Sai dai da na tsaya a kan tarin ganyen da aka zubar a bakin kwata, na tambayi wani yaro ɗan sakandare da ke taya su ɗaukar bulo ko ya san sunan wurin da ake rushewa. Ya ce, “Baba, ai bayan gida ne.” Magina suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Sunan wurin garka, kuma ga alama kalmar za ta riga mu barin unguwar nan.

Garka ita ce ɗan filin nan da ke ƙuryar gida ko jikin katanga, wanda ake kewayewa da danga saboda awaki, a shuka kayan miya a ciki. Ba gona ba ce, ba kuma lambun fadama da ake ban ruwa da rani ba. Yawanci ta tsofaffin mata ce. Abin da nake so mu duba a wannan fitowa shi ne, duk wanda ya iya karanta garkar Kafanchan zai ga tarihin zamanmu a garin nan a rubuce a cikinta, shuka bayan shuka, har da waɗanda muka zauna da su da abin da muka karɓa a hannunsu.

Sai mu fara da ruwa, don shi ne ya fara ba kakanninmu mamaki. Wanda ya taso a Kano ko Katsina da jira ya san damina: a yi ta duban gabas, a yi ta cigiyar shamuwa, sai wajen watan Yuni shuka ta kankama, kafin Satumba ya fita ruwa ya ɗauke ƙafa. Nan kuwa tun Afrilu ake jin ƙamshin ƙasa, kuma ruwa ba ya yi mana sallama sai Oktoba. Abin da ke sauka mana a shekara ya kusa ninka na Kano. Dalili kuwa, muna zaune ne a gindin tsaunukan Jos ta fuskar kudu maso yamma. Iskar da ke ɗauko laima daga teku in ta iso nan sai ta ci karo da duwatsun Kagoro, ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke kayanta a kanmu. Shi ya sa kake ganin kwakwar manja a bakin rafukanmu, itacen da Bakatsine sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya gan shi.

Ba jirgin ƙasa ne ya fara kawo Hausawa da Fulani ƙasar nan ba. Tun wajen 1810 Malam Usman ya kafa Jama’ar Dororo, wadda ta zama masarauta a ƙarƙashin Zazzau, kuma fatake sun daɗe suna ratsa yankin da jakunansu. Amma birnin Kafanchan da muka sani ɗan reluwe ne. Mutanen Fantswam suna nan a ƙauyukansu tun kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya. A 1927 ne garin ya zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Gawayin kwal yana zuwa daga Inugu, kuza tana gangarowa daga Jos zuwa bakin teku. Gadar Makurɗi ma sai 1932 aka gama ta, kafin nan a jirgin ruwa ake haye da taragu. A 1933 Sarkin Jama’a ya dawo da fadarsa Kafanchan. To, a cikin waɗannan ’yan shekaru ne unguwanni irin tamu suka cika: ’yan koli, mahauta, maɗinka, malaman allo, ’yan dako, masu sayar da goro, kowa da matarsa, kowace mace kuma da ƙullin iri a bakin zane.

Abin da ke cikin ƙullin nan shi ne shafin farko. Kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa, alayyafo, karkashi, da sandar zogale da ake sokawa a jikin danga ta kama da kanta. Waɗannan duk sun karɓi ƙasar, wasu ma har sun yi fiye da yadda aka san su a gida. Kakata takan ce shekararta ta farko kabewa ta hau rufin ɗaki har sai da aka yi mata magana. Gero ne ya ba su kunya. Irin da suka zo da shi mai saurin nuna ne, sai ya fitar da kai a tsakiyar ruwa, ya yi baƙi, tsuntsaye su ƙarasa sauran. Sai da suka ga maƙwabta suna yafa dauro a wuri ɗaya, in ya tasa su cire su dasa a kan kunya, ya nuna bayan ruwa ya ɗauke, sannan suka gane cewa ƙasar tana da nata karatun. Kuka kuwa, da yake ba ta da yawa a nan, a buhu ake aiko da garinta daga arewa a cikin jirgi, kuma har yau galibi daga can take zuwa.

Shafi na biyu, wanda ya fi kowanne kauri, daga hannun mutanen ƙasa muka karɓe shi: Fantswam, Kaninkon, Bajju, Kagoro, Ham da sauransu. Su suka nuna wa iyayenmu yadda ake tada kunya mai tsawo don kada ruwa ya kwanta a gindin shuka, da yadda ake tara tudun doya, da inda gwaza take so, wato wuri mai laima kusa da makwarara. Daga wajensu rizga ta shigo tukunyarmu, da acca, da atili da ake jiƙawa a ruwan ɗumi ya yi laushi. Faten da muke alfahari da shi, wanda in ’yan’uwanmu na Kano suka zo suke neman ƙari, da yakuwarsa da gautansa masu ɗaci, a wannan zaman tare ya samu ɗanɗanon da yake da shi. Ba a makaranta aka yi wannan koyo ba. Mace ce za ta sauko daga ƙauye da kayanta a kafaɗa ranar kasuwa, ta biya gidan ƙawarta ta sha ruwa, ta ajiye mata ’ya’yan gwaza biyar, ita kuma a ƙulla mata daddawa ko kanwa ko irin kuɓewa. Kusan kowane tsohon gida a unguwar nan yana da irin wannan ƙawa a wani ƙauye, wadda ake kai wa naman layya, ita ma ta aiko da kaza da Kirsimeti. Ku tambayi tsofaffinku, za su faɗa muku sunan tasu da ƙauyenta.

Na uku ya zo ne ta kwatas ɗin reluwe. Direbobin jirgi, makanikan loko, akawuna da masu buga waya, da yawansu Ibo ne da Yarbawa da mutanen bakin teku, kuma ba su yarda su zauna babu miyarsu ba. Bayan kowane gida a kwatas akwai ayaba da agade, ga ugu ya hau rumfa, ga shuwaka, ga ayoyo. Sunan ugu kaɗai ya isa ya gaya maka daga bakin wa muka ji shi. A 1966, da abin da ya faru ya faru, jiragen da suka kawo su suka kwashe da yawansu zuwa gabas cikin firgici. Mutane suka tafi, shukokinsu suka tsaya. Wasu sun dawo bayan an gama yaƙi a 1970, wasu ko labarinsu ba a sake ji ba. Shuwakar da na gani a bakin kwata makon jiya, na san daga kwatas aka yanko kakarta, domin a gabana tsohuwar gidan take ba da labarin matar da ta ba ta.

In kuma ka ƙara tonawa sai ka ga garkar ta wuce Nijeriya. Masara, rogo, barkono, tumatir, gwanda da gyaɗa duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su taka Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Mangwaro ɗan Indiya ne. Citta ma daga Asiya ta fito, kuma wajen 1927, shekarar da aka haɗa layin dogo, aka fara ba nomanta ƙarfi a kudancin lardin Zariya don mutane su samu abin sayarwa. Yau in aka ce citta a Nijeriya, Kachia da Jaba da Kagarko da Kafanchan ake nufi. Manoman ƙauye su noma, su tsaga, su shanya, ’yan kasuwarmu su saya su tara su loda. Gidaje nawa aka gina a unguwar nan da kuɗin citta? Shi ya sa da cutar nan ta faɗa mata a daminar 2023, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, kukan bai tsaya a ƙauye ba, har cikin shagunanmu ya shigo. Ko ’yar kunya biyu da na dasa don shayi ba ta tsira ba.

Akwai wani labarin gona da ya kamata kowane yaro a garin nan ya sani. Wajen 1943, a wata mahaƙar kuza a ƙasar Jama’a, an tono wani kan mutum na gasasshen yumɓu. Wani ma’aikacin wurin ya ɗauke shi ya kai gonar doyarsa ya kafa shi a matsayin mutum-mutumi. Daga baya kan ya kai hannun wani Bature, Bernard Fagg, a Jos, wanda ya lura ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan duniya ta san abin da ake kira al’adar Nok, kuma wannan kai har yau da sunan Jama’a ake kiransa a littattafai. Masu bincike daga jami’ar Frankfurt ta Jamus, da suka yi shekaru suna tono a yankin tun daga 2005, sun nuna cewa mutanen nan sun fara zama a nan tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Sun samu ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atili a kufansu, har da alamar zuma a jikin tukwanensu. Ka ji fa. Atilin da yaro ke saya na naira hamsin a bakin tasha, an fi shekara dubu biyu ana tsotsarsa a ƙasar nan.

Ita garka ba ta mutane kaɗai ba ce, kuma a nan ne mu yara muka fi morar ta. Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, shinge yakan fito ya rufe fitila. Sai a ajiye kwano da ruwa a ƙarƙashin aci-balbal, gari na wayewa a soya da ɗan gishiri, kaji ma su yi tasu sallar da abin da ya zube. Da magariba maƙesu su cika gindin ayaba suna walƙiya, kwaɗi su ɗauki kuka daga kwata har ba ka jin kiran uwarka, ko dai ka yi kamar ba ka ji ba. Mukan bi ramin gyare da tsinke. Mukan tsaya nesa da hawainiya muna kallon yadda take taku kamar mai tsoron ƙasa, an hana mu taɓa ta. Bushiya takan shigo da dare, in ka haska ta ta dunƙule. Gafiya ita ce abokiyar gabar kakata, saboda gyaɗa da rogo, kuma yaƙinsu bai ƙare ba har Allah Ya yi wa tsohuwar rasuwa.

Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Marai yakan mamaye bishiya guda ya rataya sheƙuna kamar kasuwa, da surutu tun asuba. Tsada da baiwar Allah suna tsince tsaki a gindin turmi, ba sa gudun mutane, kuma duk yaron da ya ɗaga musu danƙo zai sha rankwashi. Ragon maza yana can cikin duhuwar shinge yana kukansa mai kama da ana tsiyaye ruwa daga tulu. Cilakowa, hazbiya, kanarin da muke kamawa mu sa a keji, jemagu a kan mangwaro in ya nuna. Ba mu san muna zaune kusa da wani abin mamaki ba. Dajin Nindam da ke kusa da Kagoro, masana tsuntsaye sun yi rubutu a kansa tun 1986, domin sun samu irin tsuntsayen da aka saba gani a kurmin kudu kawai, kuma yau yana cikin jerin wuraren da duniya ta amince suna da muhimmanci ga tsuntsaye. Mutane suna tasowa daga Turai da tabarau mai jawo nesa don su ga abin da ke bayan kunnenmu.

Kada in yi ta yabo kamar babu aibu. Garka tana tara sauro, tana ɓoye maciji. Tsofaffi suna ba da labarin duba-gari na zamanin Turawa, wanda in ya ga masara ta yi tsawo a cikin gida sai ya sa a sare, wani lokaci har da tara. Mata suka koyi dabara, masu tsawo a kai su bakin layin dogo ko bakin rafi, masu yaɗo a bar su a gida.

In watan Agusta ya kama, marka ta sauka, sai a yi kwana biyu uku ba a ga rana ba. Ba fita, ba shanya, ga sanyi mai shiga ƙashi. A irin waɗannan ranaku ne ake fito da buhun ƙyalle. Duk shekara mata suna aika yara shagunan teloli su tsinto ragowar yadi, a haɗa da tsofaffin zannuwan da suka gaji. Sai a zauna a ɗakin uwargida, a yanka su murabba’i ko tsaye-tsaye, a jera, a ɗinke da zare da allura. A sa tsohon zane biyu ko uku a tsakiya, a yi masa bango da buhun fulawa da aka wanke har rubutun ya kusa gogewa, sannan a bi shi da dogon ɗinki layi-layi don kada cikin ya tattare. Wanda ke da hali ya sayi gwado ko luru daga arewa. Wanda ba shi da shi, mayafin ƙyalle ne ya raine shi, kuma mu ne masu yawa.

Wanda na gada yana nan a ƙasan akwatina. In na shimfiɗa shi ina iya nuna ankon bikin ƙanwar mahaifina, da shuɗin yadin makarantarmu ta firamare, da wani kakin reluwe da ban san ta inda ya shigo gidanmu ba. Yawancin atamfar da ke jikinsa ta Kaduna ce. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo ta, har Kakuri ta zama unguwar masaƙu, kuma jirgi ne ke sauke mana dilolin a nan. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Ashe mayafin nan har tarihin masana’antar da ta mutu yake riƙe da shi. Mu mun ɗauke shi alamar talauci, in baƙo zai kwana sai a ɓoye shi a ciro bargon kanti. A Amurka kuwa akwai wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, Gee’s Bend, da matansa suka gaji irin wannan ɗinki na tsumma tun zamanin bauta. A 2002 aka rataye ayyukansu a manyan gidajen adana zane na Houston da New York, mutane suna bin layi don su kalla. Ban ce a kai namu New York ba. Na dai ce kafin a yi tsumman goge-goge da na gidanku, a nemi tsohuwa ta karanta muku shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi yi mini nauyi, wato ƙafa. Mutanen unguwar nan a da masu yawo ne. In ruwa ya ɗan lafa, samari sukan haɗu su taka har Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake faɗowa daga kan dutse mai tsawon mita 25 zuwa 30. A ƙarshen damina tun daga nesa kake jin rurinsa, in ka matsa feshi ya jiƙa ka sharkaf, in rana ta fito ka ga bakan gizo a gabanka. Yawon Sallah ba ya cika sai an je can. Malaman makaranta sukan kai ɗalibai, ’yan sikawut su kwana a daji. Masu ƙarfin gwiwa kuma su hau dutsen Kagoro, wanda ya haura mita 1,200 daga doron teku. Akwai mutane da gonakinsu a can sama. Ka’ida ita ce ka yi sallama, ka gaida dattawa, kada ka taɓa amfanin gonar kowa, kada ka shiga inda aka ce ba a shiga. Sai a ba ka ruwa mai sanyi kamar na randa, a nuna maka rema tana shan hantsi a kan fa, a ce ka yi hankali da gwaggon biri. Daga can kana hango Kafanchan kamar an zuba tsaba a faifai, da hayaƙin jirgi yana jan jiki zuwa Jos.

Muna yara ba mu taɓa tambayar abin da ya kai mutane zama a kan dutse ba, alhali ga fili a ƙasa. Amsar tana cikin tarihin da ba mu cika son faɗa ba. A ƙarni na 19 masarautar Jama’a tana kai wa Zazzau gaisuwa duk shekara, kuma a cikin abin da ake kaiwa har da bayi, waɗanda ake kamowa daga ƙabilun da ke kewaye. Dutse shi ne ganuwar waɗanda suka ƙi. Mutanen Kagoro ba su taɓa shiga hannun Jama’a ba, Turawa ma sai da suka yi ta kai musu yaƙi a farkon ƙarni na 20. Yawancin kakanninmu na unguwar nan talakawa ne da suka zo neman abinci bayan an daina wannan, ba su kama kowa ba. Duk da haka, inda muke hawa don shan iska, wani kakansa ya hau ne don tsira da rai, kuma jikan ya san haka ko da mu ba mu sani ba. Da na gane wannan sai ruwan da tsohuwar nan ta miƙo mini a ƙoƙo a kan dutse, shekara arba’in da suka wuce, ya ƙara girma a idona.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, wasunmu a jikinsu. Maris 1987, rikicin da ya tashi a kwalejin horon malamai ya bazu har Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Mayu 1999, wajen bikin ba Sarki sanda. Afrilu 2011, bayan zaɓe, aka ƙone kasuwa, aka rasa rayuka a nan da Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwan. Kowane ɓangare ya binne nasa, kowane ɓangare yana da labarin da yake ba ’ya’yansa. Ba wannan ne zancena na yau ba. Abin da nake nunawa shi ne abin da ya samu taswirar garin. Bayan kowace tarzoma sai Musulmin da ke zaune a tsakiyar Kirista ya tattaro ya dawo cikinmu, Kiristan da ke cikinmu ya koma can. Waɗanda suka baro ƙauyuka suka sauka a gidajen ’yan’uwa. A ina za a sa su? A garka. Ga kuma ɗalibai, tun da jami’ar jiha ta buɗe reshe a garin, ga ma’aikata, kowa na neman ɗaki. Simintin da ke cinye garka da tsoron da ya hana mu zuwa dutse, uwarsu ɗaya.

Na gwada tambayar yaran makarantar Islamiyyar layinmu, su wajen talatin, wa ya taɓa ganin ruwan Matsirga da idonsa. Hannu huɗu suka tashi. Sauran a Facebook suka gan shi, wurin da ba ya cin rabin sa’a a babur. Babu wanda ya san rizga a gona, sai a faranti. Ba na zargin iyaye, domin uwar da ta taɓa kwana tana jiran ɗan da bai dawo ba, ba ni ne zan ce mata ta sake shi ba. Kuma hanyoyin daji yanzu suna da wata fitinar ta masu garkuwa da mutane, wadda ba ta tambayar addinin kowa.

Amma akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa junanmu a cikin gida. Ranmu yana ɓaci in aka kira mu baƙi, kuma da gaskiyarmu: wanda aka haifi kakansa a nan, aka binne shi a nan, ina ne garinsu in ba nan ba? Sai dai kakannin namu ba da takardar shaidar ƙaramar hukuma suka zama ’yan gari ba. Sun san lokacin dasa dauro, sun san wane rafi ne ke cika ba zato, sun iya gaisuwa da harsuna biyu ko uku, suna da gidan da za su sauka a Kagoro da Zonkwa da Kwoi. Mu kuma muna renon yaran da suka san unguwannin Kano a waya fiye da ƙauyen da ke bayan tashar jirgi. In aka ci gaba a haka, abin da ake faɗa a kanmu don a ɓata mana rai, mu ne za mu mai da shi gaskiya da hannunmu.

Bara, bayan Babbar Sallah, na kira wani abokin karatuna na firamare, mutumin wajen Madakiya, wanda rabona da shi tun kafin 2011. Na ce ina so in kawo jikokina su ga ruwa. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, “Malam, sai yanzu?” Shi ya tarye mu a bakin hanya da ’ya’yansa biyu, ya shige gaba. Ƙaramar jikata ta ƙanƙame ni da ta ji rurin ruwan, daga baya kuma da ƙyar aka raba ta da wurin. Da za mu taho matarsa ta cika mana leda da ’ya’yan gwaza, ta ce a kai wa Hajiya ta dasa. Kunya ta hana ni gaya mata cewa tsakar gidanmu duk siminti ne.

A buhunan siminti guda shida muka dasa su, a jikin katanga, da ƙasar da na sa aka ɗebo daga bakin rafi. Sun yi. Makon jiya kuma, kafin in bar gidan nan da ake gyarawa, na tsinci sanda uku na shuwakar daga cikin tarin, magina suna kallona kamar wanda ya taɓu. Biyu sun fara toho. Ta ukun akuyar maƙwabcina ta riga ni, kuma mun yi maganar danga da shi jiya bayan la’asar.